Ana iya auna daidaiton nonuwa bayan tiyatar gyara, ko sai dai ganin ido?

"Assalamu alaikum Likita. Wata goma sha huɗu ke nan da aka cire min nonon hagu saboda sankarar mama, aka saka min jakar silikon a wurin, daga baya kuma aka yi min gashi da na'urar da ke ƙona ƙwayoyin sankara. Duk lokacin da na koma asibiti sai likitana ya duba ya ce aiki ya yi kyau. Ni kuwa idan na tsaya gaban madubi sai in ga na hagun ya fi hawa sama, rigar mama ma ba ta zama min daidai. Shin akwai hanyar auna wannan abu da ma'auni, wadda ba ta dogara da ganin ido ba? So nake in san ko idona ne ke ruɗina, ko da gaske akwai bambanci."

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ƙara lafiya, ya sa an rabu da cutar ke nan. Idan na fahimce ki, abu biyu kike tambaya. Na farko, ko akwai ma'aunin da zai fitar da bambancin nonuwan biyu a lamba. Na biyu, wanda kika ɗan sakaya, shi ne tsakaninki da likitanki wa ke da gaskiya. Amsar na farko ita ce e, akwai, har hanyoyi da yawa, daga tef ɗin awo zuwa kyamarar da ke ɗaukar surar jiki ta kowace fuska. Na biyun kuwa, a shekarun da na yi ina wannan aiki na sha ganin mace da likitanta duk suna da gaskiya, domin ba abu ɗaya suke dubawa ba. Shi yana duba ko ciwo ya warke, ko fata na raye, ko jakar na nan lafiya babu ruwa babu ƙwayar cuta. Ke kuma kina duba jikin da za ki saka wa tufafi kowace safiya. Mace takan riga kowa lura da sauyi a jikinta, shi ya sa ba na ɗaukar irin wannan koke da wasa.

Kafin a ɗauko ma'auni, ya kamata a san abin da ake nema. Da wuya a sami macen da nonuwanta biyu suka zo iri ɗaya sak. A 2003 wani likitan gyaran jiki a Amurka, Rod Rohrich, da abokan aikinsa sun duba mata 100 da suka zo neman ƙarin girman nono, waɗanda ba a taɓa yi musu wata tiyata a wurin ba, suka tarar 88 daga cikinsu suna da bambancin halitta, ko a girma, ko a mazaunin kan nono, ko a ƙashin ƙirjin kansa. Saboda haka abin da ake nema bayan gyara shi ne bambancin ya tsaya a iyakar da ido ba ya kamawa, tufafi kuma ba ya tona shi. Sannan kalmar daidaito ta ƙunshi abubuwa daban-daban: yawan naman, faɗin gindin nonon a kan ƙirji, yadda ya turo gaba, yadda ya zubo ƙasa, inda kan nonon ya zauna, inda layin ƙarƙashin nono ya faɗa, sai launin fata da tabo. Nonuwa biyu suna iya zama girma ɗaya cif amma ɗaya yana zaune santimita biyu sama da ɗan'uwansa. Abin da kika kwatanta ya fi kama da wannan.

Tef da alƙalami

Na fi son in fara da wannan domin kowane asibiti yana da shi, kuma idan an yi shi da natsuwa yana amsa rabin tambayoyin. Mace za ta tsaya a miƙe, kafaɗu a sake, hannuwa a gefe. Da alƙalamin zane a fata nakan ɗiga alama a ɗan ramin nan da ke ƙasan maƙogwaro, inda ƙasusuwan wuya biyu suka haɗu da ƙashin ƙirji, in ja layi daga nan ya sauko tsakiyar ƙirji zuwa cibiya. Daga nan sai awo, dama da hagu: daga ramin zuwa kan nono, daga kan nono zuwa layin tsakiya, daga kan nono zuwa layin ƙarƙashi, sai faɗin gindin nonon. Abin da na fi ba muhimmanci a mace irinki shi ne tsayin layin ƙarƙashin nono. Nakan ɗaga nonon a hankali da bayan hannu, in bi lanƙwasar da alƙalami a kowane gefe, sannan in kawo alamomin biyu kan layin tsakiya in ga tazarar da ke tsakaninsu. Idan na hagu ya fi na dama hawa da santimita ɗaya da rabi, to ga dalilin da ya sa rigar mama ke karkacewa, tunda ƙasan rigar a kan wannan layin yake zama.

Za ki iya cin karo da wata lamba da ake yawan ambata, santimita 21 daga ramin maƙogwaro zuwa kan nono. Ta samo asali ne daga wani nazari da likita Penn ya wallafa a 1955 a kan wasu mata ƙalilan da aka zaɓa. Kada ki auna kanki da ita. Abin gwaji a wurinki shi ne ɗaya nonon naki, da kuma yadda kike a watannin baya.

A 1985 Pezner da abokan aikinsa sun fito da wani lissafi mai sauƙi na auna yadda nonon da aka yi wa magani ya janye. Ana duba nisan da kowane kan nono ya yi daga layin tsakiya da kuma nisan da ya sauko daga ramin maƙogwaro, a haɗa bambancin biyu a fitar da lamba guda. Idan lambar ta yi girma, janyewar ta yi yawa. Matsalar ita ce yawancin waɗannan awo a kan nono suka rataya, alhali mata da yawa da aka cire wa nono gaba ɗaya ba su da shi a wannan gefen, ko ba a kai ga ƙera musu sabo ba tukuna. A irin wannan hali sai a koma ga layin ƙarƙashi, da wurin da nonon ya fi turowa gaba, da mafi ƙasan zagayensa. Sannan tef yana da nasa rauni. Fata tana miƙewa, hannun mai awo yana iya matsawa ko sassautawa. Ni da abokin aikina mun sha auna mace ɗaya a rana ɗaya mu sami saɓanin rabin santimita, don haka bambancin da bai kai haka ba ba na gina hukunci a kansa.

Hoto da kwamfuta

Hanyar da aka daɗe ana bi a bincike ita ce a ɗauki hoto a ba likitoci su ba da maki. Sanannen ma'auni shi ne wanda Jay Harris da abokan aikinsa na jami'ar Harvard da ke Amurka suka yi amfani da shi a 1979, mai matakai huɗu: ya yi kyau ƙwarai, ya yi kyau, da dama-dama, bai yi ba. Sai dai wannan ganin ido ne aka yi wa tsani. Alƙalan sukan saɓa wa juna, musamman a matakai biyun tsakiya, kuma likitan da ya yi aikin da hannunsa yakan fi sassauci wajen ba da maki. Wannan ɗabi'ar ɗan Adam ce, ni ma ban kuɓuta daga ita ba.

Don a fitar da son rai daga ciki aka ƙirƙiro manhajojin kwamfuta. Wadda ta fi shahara ita ce BCCT.core, wadda Jaime Cardoso da Maria João Cardoso suka samar a birnin Porto na ƙasar Fotugal, aka bayyana ta a 2007. Ana saka mata hoton gaba, a nuna mata ramin maƙogwaro da kan nonuwa da zagayensu, ita kuma ta lissafa bambancin siffa, bambancin launi da fitowar tabo, ta jefa sakamakon cikin ɗaya daga matakan nan huɗu. A shekarar kuma aka fitar da wata mai suna BAT a ƙasar Ostiriya. Amfaninsu shi ne idan aka ba su hoto ɗaya da alamomi iri ɗaya sau goma, amsa ɗaya za su bayar. Amma an gina BCCT.core ne don matan da aka yanke wa ƙari kaɗai aka bar musu nono, sannan aka yi gashi. Ana amfani da ita a kan waɗanda aka sake wa ginin nono gaba ɗaya, sai dai da taka-tsantsan. Kuma hoton gaba shimfiɗaɗɗe ne, ba ya ganin yadda nono ya turo. Hasken ɗaki kaɗai yana iya sauya abin da manhajar za ta ce game da launi da tabo.

Abin da ya kawo babban sauyi shi ne hoto mai fuska uku, wanda ake kira 3D. Na'urori irin su Vectra da 3dMD suna da kyamarori da yawa da ke ɗauka a lokaci guda daga kusurwoyi daban-daban, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da surar ƙirjin kamar gunki, a juya shi yadda ake so a kan allo. Dabarar auna daidaito a nan tana da ban sha'awa. Kwamfutar tana raba ƙirjin biyu a layin tsakiya, ta kifa gefe ɗaya a kan ɗayan kamar yadda ake haɗa tafin hannu biyu, sannan ta auna ratar da ke tsakanin fatun biyu a dubban wurare. Sakamakon yana fitowa a siffa biyu: lamba guda ta matsakaicin ratar a milimita, da taswira mai launuka da ke nuna inda aka sami rami da inda aka sami tudu. Taswirar ce na fi amfana da ita, domin ita ke nuna wurin da matsalar take. Tana kuma ba da girman kowane nono a mililita.

To amma ko wannan na'urar tana da inda take hasashe. Fata kawai take gani, ba ta ganin bayan nono inda ya kwanta a kan tsoka da haƙarƙari, saboda haka kwamfuta ce ke ƙiyasta wannan bangon, kuma lissafin girma a kansa ya dogara. Iyakar nono ta sama da ta wajen hammata ba ta da tsayayyen layi, mai aiki da na'urar ne ke zaɓa. Idan nono babba ne kuma ya zubo, ƙarƙashinsa a ɓoye yake. Idan mace ta ja numfashi ta riƙe a hoton farko, ta sake shi a na biyu, lamba za ta motsa. Idan kuma ƙashin bayanta yana da 'yar karkata, layin tsakiyar da aka yi kifin a kansa shi kansa bai miƙe ba. Hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, yana ganin cikin jiki, don haka ya fi ba da girma na gaskiya, sai dai a kife ake ɗaukarsa nonuwa na rataye, siffar da yake nunawa ba ita ce wadda kike gani a madubi ba. A ɗakin tiyata kuwa muna da awo mafi sauƙi: mu ɗora nonon da aka cire a sikeli, nauyinsa a giram ya zama jagora wajen zaɓen girman abin da za a mayar.

Me ya sa naki zai iya hawa sama

Ban gan ki ba, ban taɓa wurin ba, don haka abin da zan faɗa hasashe ne daga bayaninki, likitan da ke duba ki ne zai tabbatar. Duk wani baƙon abu da aka saka a jiki, jiki yakan yi masa rufi da wani siririn tabo ya kewaye shi. A mafi yawan lokuta wannan rufin yana nan da taushi. A wasu matan kuwa yakan yi kauri ya tsuke, ya matse jakar silikon, ta dunƙule ta yi tauri ta hau sama. Gashi yana ƙara yiwuwar haka sosai, kuma yana sa fata da tsoka su rage miƙewa. Likitoci suna auna wannan tsukewa da matakan Baker guda huɗu: na ɗaya nono na da taushi kuma siffarsa daidai, na biyu ya ɗan yi tauri amma ido ba ya gani, na uku taurin ya sauya siffa, na huɗu ga tauri ga sauyin siffa ga ciwo. Wannan awo da hannu ake yinsa, babu kyamarar da ke iya shi.

A ɗaya gefen kuma, nonon dama yana ci gaba da rayuwarsa. Yana ƙaruwa idan kika yi ƙiba, yana raguwa idan kika rame, yana zubowa da shekaru, maganin daƙile sinadarin mata na jiki (homon) da ake ba masu sankarar mama ma yana iya taɓa nauyin jiki. Jakar silikon ba ta bin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa ratar kan ƙaru da lokaci, ɗaya yana hawa ɗaya yana sauka. Nonon da aka gina da naman jikin mace, kamar fata da kitsen mara, ya fi bin sauyin jiki, ko da yake shi ma gashi yana iya sa ya ƙanƙance.

Wannan ne ya sa nake ganin awo ɗaya tak ba ya da amfani sosai. Ƙimarsa tana fitowa ne idan aka maimaita shi a yanayi iri ɗaya: kafin tiyata, bayan kumburi ya saɓe a wata uku zuwa shida, bayan shekara, da kuma bayan nan, tunda tasirin gashi yana iya ci gaba da bayyana shekaru bayan an gama shi. Ina tuna wata baiwar Allah da ta zo min da koke irin naki. A idona aikin bai da laifi, har na fara lallashinta. Sai na buɗe fayil ɗinta na ga awon da na rubuta wata shida kafin nan: layin ƙarƙashin nonuwan biyu ya bambanta da rabin santimita. Na sake aunawa a ranar, na sami santimita biyu. Na taɓa na ji taurin da ban lura da shi ba a ganin da ya wuce. Ta riga ni sanin abin da watanni, lambar da na rubuta da hannuna ce ta sa na saurare ta yadda ya kamata. Tun daga ranar ban ƙara sallamar mace daga ɗakin duba ba tare da na rubuta awon ba.

Abin da ma'auni ba ya kamawa

Akwai kuma akasin wannan. Na ga matan da taswirar kwamfuta ta nuna musu bambanci bayyananne amma hankalinsu a kwance, na ga waɗanda awo ya ce komai ya daidaita amma ba su jin daɗin jikinsu. Bincike ya sha nuna cewa makin da na'ura ko likitoci ke bayarwa da gamsuwar mace ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Dalilin a fili yake. Hoto ba ya auna taushi, ko sanyin da jakar silikon kan yi a fata, ko mutuwar ji a wurin, ko yadda ɗaya ke kwantawa gefe idan kin kishingiɗa ɗayan yana tsaye. Don haka ne Andrea Pusic da abokan aikinta a cibiyar sankara ta Memorial Sloan Kettering da ke New York suka fitar da takardar tambayoyi mai suna BREAST-Q a 2009. Mace ce da kanta ke amsawa game da gamsuwa da nonuwanta, yadda tufafi ke zama mata, ciwo, kwanciyar hankali da zamantakewar aure, a mayar da amsoshin maki daga 0 zuwa 100. A wurina wannan ma awo ne na gaske, kuma idan ana maganar ko za a sake shiga ɗakin tiyata, shi nake sa wa a gaba. Ba na yanka mace don in gyara lamba. Tef da hoto suna gaya min inda bambancin yake da ko yana ƙaruwa, ita kuma take gaya min ko ya kai a taɓa shi.

Idan awo ya tabbatar da abin da kike gani, gyaran yana bin dalilin. In tsukewar rufi ce, ana iya tsaga shi ko cire shi a sauya jakar a sauko da layin ƙarƙashi, sai dai a fatar da ta sha gashi matsalar tana iya dawowa, shi ya sa wasu lokuta ake ba da shawarar kawo lafiyayyen nama daga mara ko gadon baya. In rami ne a wani wuri, ana ɗebo kitse daga jiki a cike shi, yawanci fiye da sau ɗaya domin wani sashe na kitsen yana narkewa. In kuma na daman ne ya fi girma ko ya zubo, ana ɗaga shi ko rage shi. Wannan aiki a kan lafiyayyen nono ana ɗaukarsa cikin magani, har a Amurka dokar da aka kafa a 1998 ta wajabta wa inshorar da ke biyan kuɗin cire nono ta biya na gyaran da na daidaita ɗaya gefen. Akwai kuma matan da suka gaji da tiyata, suka zaɓi ɗan ciko mai laushi a cikin rigar mama, kuma zaɓi ne mai kyau.

Da za ki koma asibiti, maimakon ki tambayi ko aikin ya yi kyau, ki ce masa: "Likita, ina so a auna min tsayin layin ƙarƙashin nonuwan biyu a rubuta, a kuma duba ko rufin jakar ya tsuke, a gaya min matakin da yake." Ki nemi a kwatanta da awo ko hoton da aka ɗauka kafin gashi, in akwai. Ki tafi da rigar maman da ke karkacewa ki saka ta a gabansa. Idan kina so ki riƙa bin abin da kanki, hoton da aka ɗauka duk wata uku a wuri ɗaya, da haske ɗaya, nisa ɗaya, hannuwa a gefe, zai nuna ko sauyin yana tafiya ko ya tsaya, sai dai ki adana shi inda ke kaɗai ke iya buɗewa.

Abu ɗaya ne ba ya jiran ranar da aka ba ki. Idan kika ji sabon ƙulli a wurin ko a hammata, ko fatar ta yi ja da zafi, ko wani ciwo ya buɗe, ko nonon da aka gyara ya kumbura farat ɗaya bayan ya daɗe lafiya, ki je a duba ki cikin kwanakin nan. Kumburin da ke zuwa shekara ko fiye bayan saka jaka yana buƙatar hoto da gwajin ruwan da ya taru kafin a koma maganar daidaito.